Waya Ta Ce Ta Ƙoshi, Gwaggo Ta Ce Yunwa Take Ji

Wata rana na ɗaga wa matar da ta goya ni murya a gaban abokaina, a kan mage.

E, mage. Kyanwa.

Wata biyar ke nan ina yawo da wannan labari a cikina. Yau dai na ce bari in fito da shi, ko na samu sauƙi.

Masu bibiyata a nan kun san ni da son kayan zamani. Ƙofar gidana da waya nake buɗe ta. Fitilar falo da murya nake kashe ta. Matata Rumasa'u takan ce da ana sayar da injin da zai yi wa mutum hamma, ni zan fara saye a duk Kaduna.

Ita kuma nata ciwon maguna ne. Uku gare ta.

Akwai Auduga, tsohuwa, fara sol, mai gashi buzu-buzu. Shekararta goma sha uku. Tun Rumasa'u tana sakandare suke tare, da ita ta tare a gidana. Bara ciwon ƙoda ya kama ta, likitar dabbobi ta ce kada ta ƙara cin komai sai wani abinci na musamman.

Akwai Madara, 'yar Auduga. Ita ma fara sol, gashin iri ɗaya. Matsalar wannan ci ne. Ta yi ƙiba har aka sa ta a kan nata abincin na rage teɓa.

Sai Barkono, jan muzuru, lafiyarsa ƙalau, abin da ya samu a gabansa nasa ne.

Maguna uku, abinci kala uku, kuma kowace kwanon 'yar'uwarta take so.

Rumasa'u ce ke wannan fama. Sau uku a rana za ta raba su ɗaki-ɗaki, ta zauna har kowace ta gama. Da haihuwarta ta matso, za ta tafi gida Funtuwa wankan jego, ba abin da ke damunta sai Auduga.

Na bugi ƙirji na ce, "Ki bar min. Wannan ai ƙaramin aiki ne."

Na yi odar injuna uku.

Bari in yi muku bayaninsu, don in ba haka ba ba za ku gane wautata ba.

Kowane inji kwano ne mai murfi. Kowace mage an maƙala mata wani ɗan ƙarfe kamar kwabo a abin wuyanta. In ta matso kusa da nata injin, sai ya gane ƙarfen, murfi ya buɗe. In wata ce daban, ko za ta wuni a wurin ba zai buɗe ba. A ƙarƙashin kwanon akwai sikeli. Duk abin da aka ci, sai saƙo ya shigo min a waya: wance ta ci giram kaza, da ƙarfe kaza.

Mako biyu muka yi muna koya musu. Kowace ta gane nata. Rumasa'u ta tafi hankalinta kwance, ta haifa mana 'ya mace lafiya.

Ni kuwa sai tinƙaho. Ina ofis ina nuna wa mutane abin da magen gidana ta karya da shi.

Bayan suna da kwana kaɗan, Gwaggo Asabe ta zo daga ƙauyenmu na wajen Kudan. Yanar ido ce ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara, za a yi mata aiki a nan Kaduna.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ina da shekara biyu mahaifiyata ta rasu, ita ta ɗauke ni ta goya. Da awakinta ta sa ni a makaranta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifinta na ci. Babana take ce min.

Da na nuna mata injunan, ta shafa murfin da hannu, ta shafa ɗan ƙarfen da ke wuyan Barkono, ta yi dariya.

Ta ce, "Ikon Allah. Kyanwa ma an yi mata laya."

Ranar wata Asabar na lura magunan suna ta sosa jiki. Ƙuma ce. Na cire musu abin wuya duka, na yi musu wanka da sabulun da likita ta bayar, na bar su suka bushe. Ina mayar musu da abin wuyan ne wani abokin aiki ya kira ni. Na maƙale waya a kafaɗa, ina magana ina ɗaurawa.

Na gama, na wanke hannu, na manta.

Daga washegari saƙonni suka fara yi min daɗi.

Auduga, wadda kullum sai ta bar saura, yanzu tas take cinyewa.

Madara, sarauniyar ci, ɗan kaɗan take taɓawa ta bari.

Na ce kai, ka ga aikin ilimi! Mara lafiya ta samu ci, mai ƙiba ta kama kanta. Na ɗauki hoton allon wayar na tura wa Rumasa'u. Ta turo min alhamdulillahi har sau uku.

Ranar Litinin da safe ina ɗaura agogo, Gwaggo ta tare ni a bakin kicin.

Ta ce, "Babana, kyanwar nan taku ba ta cin abinci."

Na ce, "Wacce?"

Ta ce, "Tsohuwar. Tun jiya take zaune gaban tukunyarta, ba ta buɗe mata ba."

Na leƙa. Ga farar mage zaune gaban injin Auduga, ta zuba wa murfin ido.

Na yi dariya na ce, "Gwaggo, Madara ce wannan. Kwaɗayin abincin uwarta take yi. Auduga ta ci tun ƙarfe shida da rabi, ga shi nan a waya."

Ta ce, "To."

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, shekara huɗu ina gida ɗaya da magunan nan, ban iya bambanta Auduga da Madara ba. Ban taɓa tsugunawa na kalle su da kyau ba. Na Rumasa'u ne, ni nawa sayen kaya.

Ranar Talata Gwaggo ta sake magana.

Ta ce, "Babana, na shafa bayanta. Ƙashin nan kamar carbi, ɗaya bayan ɗaya ake ƙirga shi."

Ina sauri, na ce mata sai na dawo. Da na dawo ban ko tuna ba.

Ranar Laraba da yamma na zo da abokaina biyu, Tukur da Mansur. Tukur ma yana da maguna, yana son ya ga injunan kafin ya saya. Tun a mota nake ta zuba, ina gaya musu yadda na'ura ba ta mantuwa, ba ta son kai, ba ta kuskure irin na ɗan'adam.

Muka shiga barandar baya inda injunan suke.

Sai ga Gwaggo zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, farar mage a cinyarta. Ta marmasa kifi a tafin hannu tana ba ta kaɗan-kaɗan.

Jama'a, raina ya ɓaci. Ba don magen ba, wallahi. Don an ɓata min nuni a gaban baƙi ne.

Na ce, "Gwaggo! Me kike yi haka?"

Ta ce, "Yunwa take ji, Babana."

Na ce, "Sau nawa zan gaya miki ta ci? So kike ki kashe wa Rumasa'u mage? Nan fa ba ƙauye ba ne, wannan kuma ba akuya ba ce da za a watsa mata duk abin da aka ga dama!"

Tukur ya ce, "Haba, Malam."

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Ban tsaya ba.

Na ce, "Ke da idonki ma aiki za a yi masa, ta ina kika ga ba ta ci?"

Magana zarar bunu. Tana fita na san na yi ɓarna, amma girman kai ya hana ni janyewa. Na sunkuya na ɗauke ɗan farantin kifin, na juye a kwandon shara.

Gwaggo ta sauke magen a hankali. Ta dafa bango ta miƙe. Ta goge hannu da gefen zani.

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Babana."

Ta shige ɗaki.

Mansur ya ce ya tuna yana da wani uzuri. Tukur bai ƙara tambayata komai a kan inji ba. Ko ruwan da aka kawo musu ba su sha ba.

Kun san abin da na yi bayan sun tafi? Maimakon in je in ba ta haƙuri, sai na kulle ƙofar barandar, na jefa makullin a aljihu. Wai don kada a sake karya doka.

Alhamis ta wuce. Juma'a ta wuce. Gwaggo tana amsa gaisuwata, tana sa min albarka kamar kullum, ba ta sake zancen kyanwa ba. Waya kuma tana ta yi min albishir.

Ranar Asabar da safe na buɗe barandar zan ƙara abinci a injuna. Na tarar da farar mage kwance a gefen injin Auduga. Ta yi amai rawaya. Na taɓa ta, ko kai ba ta ɗaga ba.

Na duba waya. Auduga ta ci minti ashirin da suka wuce.

Na juya ɗan ƙarfen da ke wuyan wadda ke kwance. An rubuta Madara.

Na ɗaga ta, na ji ta sakayau kamar ba komai a hannuna. Ko a nan ƙwaƙwalwata ba ta farka ba. Cewa na yi a raina, ashe rage cin nan ya yi yawa.

Na sa ta a kwali, na yi asibitin dabbobi da gudu.

Likitar ta san magunanmu, ita ke duba su tun bara. Ta ɗora ta a kan tebur, ta buɗe mata baki, ta dubi haƙora, ta ɗago ta kalle ni.

Ta ce, "Wa ka kawo min?"

Na ce, "Madara."

Ta ce, "Malam, wannan Auduga ce."

Na ce, "A'a, likita. Auduga tana gida, yanzu ta gama cin abinci. Ga shi a waya."

Ta ce, "Abin wuyanta ne yake gida. Auduga ga ta nan a gabanka."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Nan take ranar wankan ta faɗo min. Ni da hannuna na musanya musu abin wuya.

Kwana bakwai Madara tana buɗe injin uwarta tana cinye abincin mara lafiya. Kwana bakwai tsohuwar nan tana zuwa gaban kwanon da aka koya mata, tana zama, tana jira. In ta gifta ta gaban na Madara ya buɗe, ta ɗan taɓa ta bari, don ba shi ta sani ba. Wannan ɗan taɓawar nake gani a waya ina murna.

Likita ta ce, "Mage mai ciwon ƙoda, kwana bakwai? Akwai dai abin da ta ɗan samu. Wani ya ba ta wani abu?"

Na ce, "Gwaggona ta ba ta kifi."

Ta ce, "Da gishiri?"

Sai a lokacin na tuna. Gwaggo tana da hawan jini, ba ta cin gishiri, daban ake dafa mata nata. Kifin da ake sa mata a miya ne take cirewa ta ba magen, ita ta ci tuwonta haka.

Na ce, "Babu gishiri."

Ta ce, "Ba abincinta ba ne, amma shi ya riƙe ta. Me ya sa aka daina ba ta?"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka sa wa Auduga ƙarin ruwa, aka kwantar da ita. Likita ta ce ba za ta ɓoye min ba, in har zuwa Litinin ba ta karɓi abinci da kanta ba, mu shirya wa abin da Allah ya ƙaddara.

Na koma gida. Madara ta tarye ni a ƙofa, ta yi ɓul-ɓul, sunan uwarta yana lilo a wuyanta.

Na tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo na fi minti goma. Na yi sallama, na shiga, na durƙusa a gabanta. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri.

Ta riga ni. Ta ce, "Tana da rai?"

Na ce, "Tana da rai, Gwaggo. Ke ce da gaskiya. Ni ne na..."

Ta ce, "Miƙo min mayafina."

A mota na yi ta magana, ina cewa ta yafe min. Ta ce in kalli hanya.

A asibiti ma'aikata sun gwada ba Auduga abinci, ta kawar da kai. Ni ma na gwada, ko kallona ba ta yi ba. Gwaggo ta ce a sauko mata da ita ƙasa. Ta zauna a kan tayil, ta jiƙa abincin ƙodar da ruwan ɗumi, ta murje shi a tafin hannu, ta kai mata baki.

Auduga ta shinshina. Ba ta ci ba.

Gwaggo ta ce, "Ba komai. Gobe ma rana ce."

Ranar Lahadi muka koma. Muna zaune sai ga kiran Rumasa'u ta bidiyo. Tun ranar Asabar nake ƙin ɗauka, ina tura mata saƙo wai aiki ya yi min yawa. Na rasa yadda zan yi, na ɗauka. Tana ganin bangon asibitin ta gane wurin.

Ta ce, "Me ya samu Auduga?"

Gwaggo ta miƙo hannu na ba ta wayar.

Ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata, ke da kike jego. Injin nan ne ya rikice, kin san kayan bature. Mijinki yana ta ƙoƙari, tun jiya bai zauna ba."

Jama'a, kun ji?

Matar da na ci wa mutunci a gaban baƙi, ita ce take rufa min asiri a wurin matata.

Kuma wallahi sai da zuciyata ta ce in yi shiru. Ga hanya an buɗe min, Rumasa'u ba za ta taɓa sani ba. Wannan tunanin da ya zo min ya fi komai ba ni kunya har yau.

Na karɓi wayar.

Na ce, "Ba injin ba ne. Ni na musanya musu abin wuya. Gwaggo ta gaya min sau uku ban ji ba. Da ta ba ta abinci na yi mata tsawa a gaban su Tukur, na kulle baranda."

Hawaye ya zubo wa Rumasa'u. Ina jin kukan jaririyarmu a bayanta.

Ta ce, "Ba ni Gwaggo."

Ranar ba ta sake yi min magana ba.

Litinin da safe, Gwaggo ta sake zama a kan tayil ɗin nan, ta sake murje abinci a tafin hannu. Tana shafa kan magen tana yi mata 'yan maganganu, irin waɗanda take yi wa akuya mai naƙuda. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, na kasa matsowa.

Kusan rabin awa ba abin da ya faru.

Can sai Auduga ta fito da harshe. Ta lasa sau ɗaya. Ta tsaya. Ta sake lasa.

Gwaggo ta ce, "Yawwa, 'yar albarka."

Na fita waje na jingina da mota, na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Auduga ta rayu. Amma likita ta ce ƙodar ta ƙara lalacewa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Yanzu sau biyu a mako ake yi mata ƙarin ruwa, haka za a ci gaba har ƙarshen rayuwarta. Ni nake kai ta, ni nake riƙe ta in za a soka allurar. Duk lokacin da ta zabura, na san aikin hannuna ne.

Injunan suna nan suna aiki, ban jefar da su ba. Ba su yi min ƙarya ba. Abin da na ɗaura musu suka karanta.

Gwaggo kuwa an yi mata aikinta lafiya, ta koma gida. Har ta tafi ba ta tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Darasi:

Na'ura tana sanin abin da ka gaya mata ne kawai. In ka yi kuskure, za ta riƙa maimaita maka kuskurenka kullum, kai kuma kana jin daɗi.

In rai yana hannunka, na mutum ko na dabba, ajiye waya ka tsuguna ka duba da idonka, ka taɓa da hannunka.

In kuma babba ya ce maka akwai matsala, tashi ka je ka gani tukuna. Minti ɗaya ya ishe ni in ɗaga magen nan ranar Litinin, na zaɓi in yi dariya.

Masu maguna da irin waɗannan injuna, duk ranar da kuka cire abin wuya, ku tsaya ku ga kowace ta buɗe nata kwanon kafin ku bar wurin.

Ka tura wa wanda ka san ya fi yarda da wayarsa a kan mutanen gidansa. In kuma kai ne, kamar yadda nake, akwai wata tsohuwa da ya kamata ka kira yau.